Wayar Hannu da Raunin da Ido Ba Ya Gani

'Yan'uwa manoma, kaka lokacin murna ne. Amma duk wanda ya daɗe cikin ƙungiyar manoma ya san kaka lokacin haɗari ne kuma. A lokacin ne injin casa yake cin yatsu, babur ɗin da aka labta wa buhu uku yake kifewa a hanyar kasuwa, kububuwa kuma take kwanciya a ƙarƙashin damin dawa. Idan abin ya faru, mun san abin yi. Mukan ɗauki mutum zuwa asibiti, mu yi karo-karo, mu yi addu'a. Bayan wata biyu ko uku ƙashi ya haɗu, miki ya rufe, sai mu ce mun gode Allah, ya warke.

Sau da yawa kuwa bai gama warkewa ba. Mutumin da aka sani da fara'a ya daina zuwa taro. Ba ya barci. Ƙaramar magana sai ya hau faɗa da matarsa da 'ya'yansa. Da ya ji ƙarar inji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Waɗansu su ce ya zama rago, waɗansu su ce an yi masa sammu, waɗansu kuma su ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Alhali kuwa rauni na biyu ne yake fama da shi, raunin da yake cikin zuciya da tunani.

Yanzu babu ƙungiyar da za a rasa mutum biyu ko uku masu babbar waya a cikinta. Saboda haka za mu duba yadda wannan waya za ta taimaka wajen jiyyar rauni na biyu, da abin da ba za ta iya ba, da kuma aikin da ya rataya a wuyan ƙungiya.

YADDA RAUNIN JIKI YAKE TAƁA ZUCIYA

Allah ya yi jikin mutum da mai gadi a ciki. Sa'ad da haɗari ya taso, mai gadin nan yakan sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, domin mutum ya gudu ko ya kāre kansa. Wannan abu ne mai kyau. Idan haɗarin ya wuce, sai jiki ya koma daidai. Amma bayan babban haɗari, mai gadin yakan ƙi kwanciya. Ya zama kamar karen da ɓarawo ya taɓa duka, ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Shi ya sa wanda ya faɗi da babur yakan ji gabansa ya faɗi in ya ji ƙarar birki, ko da yana zaune a ƙofar gidansa.

Yawancin mutane sukan ji haka a kwanakin farko, abin kuma yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni. Idan ya wuce wata ɗaya yana hana mutum barci da aiki, likitoci suna kiransa ciwon firgita bayan masifa, a taƙaice PTSD.

Na biyu shi ne baƙin ciki mai tsanani. Manomi da ƙarfinsa yake ci. Ranar da ya kwanta, tunani ya taso: wa zai girbe gonar, da me za a biya bashin taki, ina kuɗin makarantar yara. Wanda jiya shi ne mai ciyar da gida, yau sai an riƙe shi ya zaga bayan gida. Idan wannan nauyi ya yi mako biyu ko fiye, kusan kowace rana, har mutum ya daina jin daɗin abin da dā yake so, to, ya wuce ɓacin rai na yau da kullum, ya zama ciwo.

Na uku, waɗannan abubuwa suna ciyar da juna. Zafin rauni yakan hana barci. Rashin barci yakan sa zafin ya ƙaru. Mai baƙin ciki ba ya son motsa ƙafar da likita ya ce a dinga motsawa, sai gaɓar ta sandare, sandarewar kuma ta ƙara masa baƙin ciki. Watau jiyyar zuciya tana cikin jiyyar ƙashi, ba a raba su.

Akwai kuma abu ɗaya da yake tsorata mutane ƙwarai. Wanda aka yanke wa hannu ko ƙafa yakan ji zafi ko ƙaiƙayi a gaɓar da babu ita. Wannan ba aikin aljanu ba ne, ba hauka ba ne. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su saba da rashin gaɓar ba tukuna, yana kuwa samun yawancin waɗanda aka yi wa yanka. A faɗa wa likita.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

1. Mugun mafarki, ko ganin haɗarin yana dawowa a ido kamar yanzu yake faruwa.
2. Gudun wurin da abin ya faru, ko gudun babur, ko inji, ko gonar kanta.
3. Saurin firgita da saurin fushi.
4. Rashin barci, ko kwanciya yini zubur.
5. Ƙin abinci, ƙin wanka, ƙin mutane.
6. Ɗora wa kai laifi, da cewa na zama kaya ga iyalina.
7. Fara shan burkutu da yawa, ko ƙwayoyi irin su tiramadol ba da umarnin likita ba.

ME YA KAWO ZANCEN WAYA?

Abin da ya kawo shi ƙarancin likitoci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace shekara mutum miliyan 20 zuwa miliyan 50 suke jin rauni a haɗarin hanya kaɗai, ban da na gona da na tashin hankali. A Nijeriya kuwa, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai, yawancinsu kuma a manyan birane suke. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Doka ta gyaru, amma likita bai iso ƙauye ba tukuna. Mai karaya kuwa ba ya iya hawa mota kowane mako zuwa Kaduna ko Jos. Waya ita ce take kwana kusa da matashin kansa.

MECE CE MANHAJA, ME KUMA TAKE YI?

Manhaja ita ce ɗan shirin da ake saukewa a cikin waya domin wani aiki, kamar yadda WhatsApp take domin aika saƙo. Manhajojin lafiyar zuciya ba su da wani sihiri. Abin da masu ba da shawara suke koya wa mutane a asibiti, shi aka zuba a ciki. Masu kyau daga cikinsu ayyuka huɗu suke yi.

Na farko, koyarwa. Suna bayyana wa mutum abin da yake damunsa. Wannan kaɗai yakan rage tsoro, gama wanda ya gane ciwonsa yana da suna, kuma ba shi kaɗai ba ne, ya sauke rabin kayan.

Na biyu, awo. Suna yi wa mutum tambayoyi a kan barci da tsoro da fushi, su ajiye amsar. Bayan makonni sai a ga ko abin yana raguwa ko yana ƙaruwa, kamar yadda muke auna buhu kafin mu ce gona ta yi kyau.

Na uku, dabarun kwantar da hankali: numfashi a hankali, sassauta jijiyoyi, da shirya ƙananan ayyuka na kowace rana.

Na huɗu, haɗa mutum da mutane, watau ajiye lambar waɗanda zai kira idan dare ya yi masa tsawo.

WAƊANDA AKA GWADA

Manhajoji irin waɗannan sun kai dubbai, amma kaɗan ne aka gwada su sosai. Ga biyu da ya kamata mu sani.

Ta farko sunanta PTSD Coach. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ce ta fito da ita a 2011, domin sojojin da suka dawo daga yaƙi, amma kowa yana iya sauke ta kyauta. Tana yin ayyukan nan huɗu duka. Mutum yana iya sa hotunan iyalinsa da waƙoƙin da yake so a ciki, su fito masa sa'ad da hankalinsa ya tashi. A wani gwaji da aka buga a 2017, mutum 120 aka raba biyu. Bayan wata uku, waɗanda suka yi aiki da ita sun fi samun sauƙi bisa waɗanda suke jira. Sauƙi ne, ba warkewa ɗungum ba. Ku lura da abu biyu: da Turanci take, kuma lambobin neman taimako da suke ciki na Amurka ne. Tilas a sa lambar mutanen gida.

Ta biyu sunanta Step-by-Step, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta shirya ta tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasar Labanan. Darasi biyar ne cikin labari mai hotuna. Mai karatu yana bin wani mutum mai baƙin ciki yana koyon yadda zai koma ga ayyukansa kaɗan kaɗan. Kowane mako kuma wani mataimaki, wanda ba likita ba ne amma an horar da shi, yakan kira shi ko ya aika masa saƙo na kamar minti 15. An gwada ta da mutum fiye da 1,200, 'yan Labanan da 'yan gudun hijirar Siriya, aka buga sakamakon a 2022. Baƙin cikinsu ya ragu, sun kuma fi iya ayyukansu. Domin mutanen can aka shirya ta, amma darasin da yake cikinta namu ne.

WAYA KAƊAI BA TA ISA BA

Ga darasin. A 2019 masu bincike sun duba yadda mutane suke aiki da manhajojin lafiyar zuciya da suka sauke da kansu. Suka tarar bayan kwana 30, cikin mutum 100 kamar 3 ne kawai suke buɗe su. Sauran sun watsar. Ba abin mamaki ba ne. Ciwon da ya hana mutum wanka, shi ne zai hana shi buɗe manhaja. Abin da yake riƙe mutum shi ne ya san ranar Laraba akwai wanda zai tambaye shi yaya aka kwana.

Ƙasar Zimbabuwe ta nuna ƙarfin mataimaki irin wannan. A birnin Harare wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci kusa da ƙananan asibitoci, suna sauraron masu damuwa, suna taimakonsu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Ana kiran shirin Friendship Bench, watau bencin abota. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a benci kamar 14 cikin 100 ne suka rage da alamun baƙin ciki mai tsanani. Cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa, kusan rabi ne. Benci muna da shi. Tsofaffin mata masu kunnen sauraro kuwa, kowace Zumuntar Mata tana da su.

To, waya kamar garma ce. Garma tana da amfani, amma ba ta yin huɗa sai da shanu da mai riƙo.

ABIN DA ZA A IYA YI DA ABIN DA YAKE CIKIN WAYA TUN DĀ

Yawancin 'yan ƙungiyoyinmu ba sa karanta Turanci, data kuma tana da tsada. Kada wannan ya karya mana gwiwa. Kowace babbar waya ta zo da kayan aikin da za su yi ayyukan nan huɗu da harshenmu.

Na'urar ɗaukar murya. Wanda ya iya Turanci ya karanta dabara ɗaya daga manhaja mai kyau, ya fahimce ta, ya faɗe ta da Hausa ko da yaren garinku, a ɗauki muryarsa. Sai a tura wa mai jiyya ta WhatsApp, ko ta Xender, ko a sa masa a katin waya in ƙaramar waya gare shi. Zai saurara ko babu data. Murya sananniya ta fi ta baƙo shiga zuciya.

Ga dabarar da za a fara ɗauka. Mutum ya zauna ko ya kwanta, ya ɗora tafin hannu a kan cikinsa. Ya ja numfashi ta hanci a hankali yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har ya ji cikin ya taso. Sa'an nan ya sake shi ta baki a hankali yana ƙirga ɗaya zuwa shida. Ya yi haka sau goma, safe da yamma, da kuma duk lokacin da gabansa ya faɗi. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, yana gaya wa mai gadin nan cewa haɗari ya wuce. Mai rauni a haƙarƙari ko a ciki ya tambayi likita tukuna.

Dabara ta biyu domin lokacin da haɗarin ya dawo wa mutum a ido ce. Ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa sosai, ko ya dafa tabarma. Ya ambaci abu biyar da yake gani, da abu uku da yake ji da kunne, ya faɗi sunan garin da yake da sunan ranar. Wannan yakan dawo da tunani daga wurin haɗari zuwa cikin ɗaki.

Agogon waya. A saita ƙararrawa domin shan magani, da motsa gaɓa yadda likita ya nuna, da numfashi. A saita ɗaya kuma domin fita waje. Mai baƙin ciki yakan ce sai na ji daɗi zan fita. Masu ba da shawara kuwa sun gane abin a juye yake: fitar ce take kawo jin daɗin. A fara da ƙaramin abu. Yau zama a ƙofar gida minti goma. Jibi ba kaji hatsi. Mako mai zuwa zuwa sujada. Sannu ba ta hana zuwa.

Awon kowace yamma. Mai jiyya ya ɗauki muryarsa, ko ya rubuta, yana amsa tambaya uku: Yaya barcin jiya? Yaya zafi? Wane abu ɗaya na yi yau? Barci da zafi a auna su da yatsun hannu, daga ɗaya zuwa biyar. Ranar komawa asibiti a tafi da wannan lissafi, zai taimaki likita ƙwarai.

Kyamara. A ɗauki hoton mikin, ko ɗan bidiyon tafiyar mai jiyya, sau ɗaya a mako. Wanda yake kwance ba ya ganin ci gaban kansa. Ranar da ya ce ba na samun sauƙi, a nuna masa na wata ɗaya da ya wuce.

Maganar Allah da waƙoƙi. Akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa a manhajoji irin su YouVersion da Bible.is, har da karatu da murya. A ɗauki wa'azin Lahadi da waƙoƙin mawaƙan ekklisiya a kai wa wanda bai iya zuwa ba. Amma kada muryar waya ta zama dalilin da ƙafafunmu za su daina zuwa gidansa.

AIKIN ƘUNGIYA

1. A zaɓi masu ziyara biyu, namiji da mace, masu haƙuri da riƙon asiri. Mata ma suna jin rauni: ƙunar wuta, injin niƙa da ya kama zane, faɗuwa da kaya. Sau da yawa kuwa wayar gidan a hannun maigida take. Mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace.

2. A tanadi waya ɗaya ta ƙungiya da ɗan faifan caji mai aiki da hasken rana, a dinga ba da aro ga mai jiyyar da ba shi da ita. Kafin a ba wani, a goge duk abin da na farko ya ajiye. A ware kuɗin data daga asusun ƙungiya.

3. A tsai da rana ɗaya a mako domin ziyara, da rana ɗaya domin kiran waya na minti 15. A riƙe alkawarin nan har wata uku aƙalla. Mako biyun farko gida yakan cika da masu sannu. Bayan sun watse ne kaɗaici yake shigowa.

4. Mai ziyara ya saurara fiye da yadda yake magana. Kada a tilasta wa mutum ya ba da labarin haɗarin dalla-dalla. In ya so faɗa, a ji. In bai so ba, a bar shi.

5. A yi masa gayya, a kuma ɗaga masa lokacin biyan bashin ƙungiya. Babu dabarar numfashin da za ta kwantar da hankalin wanda dawarsa take zubewa a gona.

6. A ba shi aiki. Mai sanda yana iya riƙe littafin ƙungiya, ko tsintar iri, ko lura da ma'auni ranar sayar da hatsi, ko bin farashin kasuwanni ta waya yana sanar da 'yan ƙungiya. Wanda ake bukatarsa ba ya ganin kansa kaya.

7. Idan yana tsoron babur ko inji, kada a yi masa dariya, kada kuma a tura shi da ƙarfi. Gudun abin yakan sa tsoron ya yi saiwa, saboda haka a koma kaɗan kaɗan: yau kallo daga nesa, gobe tsayawa kusa, wata rana taɓawa. Idan tsoron ya yi tsanani, wannan aikin gwani ne a asibiti.

Maƙwabcinmu Musulmi ma in ya ji rauni, wannan taimako ya shafe shi. Haɗari ba ya tambayar addini.

HATTARA

Wayar da take taimako, ita ce kuma take ɓarna in ba a kula ba.

Asirin mai jiyya. Ba kowace manhaja ce take riƙe asiri ba. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8 saboda ya ba kamfanonin talla, har da Facebook, bayanan masu neman shawara. Idan manhaja ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka ba dalili, ka ƙyale ta. Haka kuma kada a sa hoton mikin mutum ko labarin damuwarsa a zauren WhatsApp na ƙungiya ba da yardarsa ba.

Manhaja tana mutuwa. Woebot, wadda mutane da yawa suka saba hira da ita, an rufe ta a ƙarshen Yuni na 2025. Kada a jingina rai duka a kan abin da kamfani zai iya rufewa gobe.

Manhajoji masu amsa magana kamar mutum. Suna da daɗin hira, amma ba likitoci ba ne. Sukan faɗi abin da ba daidai ba da cikakken ƙarfin hali, ba sa kuma ganin fuskar mai magana.

Hotunan tashin hankali. Bidiyon haɗari da na kashe-kashe da ake turawa suna tayar da mikin zuciya. Mai jiyya ya fita daga irin waɗannan zauruka, mu kuma mu daina tura su.

Caca da bashin waya. Mai zaman banza da damuwar kuɗi shi ne abincin masu cacar ƙwallo da masu ba da bashi ta waya, waɗanda in an makara biya sukan aika wa mutanen da suke cikin wayarka saƙon tozartawa.

Masu tallar magani. Kada a sayi maganin barci ko na zafi domin wani ya yaba shi a Facebook. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba wanda ya shiga masifa ƙwayoyin barci irin su diyazafam a watan farko domin rage firgita. Tiramadol kuma yana kama mutum.

Waya da dare. Latsa waya har tsakar dare yana korar barci. In za a yi aiki da ita da dare, a kunna murya a kife ta.

LOKACIN DA ZA A AJIYE WAYA A NEMI LIKITA

A kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba idan yana maganar mutuwa ko kashe kansa, ko yana rarraba kayansa kamar mai sallama. Idan yana jin muryoyi ko ganin abin da babu. Idan ya ƙi ci da sha. Idan ya zama haɗari ga iyalinsa. Ko kuwa idan ya bugu a kai sa'an nan ya shiga amai, ko ruɗewa, ko halinsa ya sāke. Haka nan idan wata ɗaya ya wuce ana ƙoƙari amma awon kowace yamma yana nuna abin gaba yake yi.

Maganar kashe kai ba a ɗaukarta wasa. A tambaye shi kai tsaye, cikin ƙauna. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sai dai ta buɗe masa ƙofar magana. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwari da na ciyawa daga gidan a kulle a wani wuri, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, shi ne kuwa abin da yake kusa da hannun manomi.

A fara da asibitin da ya yi jiyyar raunin, a gaya wa likita zancen barci da tsoro kamar yadda ake gaya masa zancen ƙashi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Ciwo ne mai magani.

BANGASKIYA DA JIYYA

Waɗansu suna tsammani mai bi na gaske ba ya shiga irin wannan hali. Su karanta labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasara ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Barci, abinci, aiki, da aboki: su ne abubuwan da muka lissafta a sama. Mu tuna kuma da abokan Ayuba. Kwana bakwai da suka zauna tare da shi shiru, sun yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ƙara masa ciwo.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya karye muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi a ɗaure ƙashin. Haka za mu yi da raunin zuciya.

Saboda haka a taronku na wannan wata, ku sa maganar nan cikin abubuwan tattaunawa. Ku lissafta waɗanda suka ji rauni a cikinku daga bara zuwa bana, ku tambayi kanku wane ne a cikinsu aka daina gani a taro. Ku zaɓi masu ziyara biyu, ku ɗauki muryar dabarar numfashi da harshenku, ku kai masa a makon nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma kiyaye mu a wannan kaka.